Ba Ɗantani Ne a Cikin Kayan Dodo Ba

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, shekara ta dubu da ɗari uku da arba'in da uku bayan Hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ɗantani na Gehuru, manomin albasa, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa kowa ya dosa, mai sauri da mai jan ƙafa. Labari ya iske ni a Jega ina fiƙe alƙalami. Kafin in ɗaura wa doki sirdi in isa, har an sallace shi an kai shi makwanci.

Na tambayi ɗansa Yusufu mutum nawa suka tsaya a sahu. Ya ce tara, har da liman da masu haƙa. Tara, a garin da in akuya ta faɗa rijiya sai ka ga mutum arba'in sun kewaye bakinta. Washegari kuma aka kawo mini maganar da Tamu mahauci ya yi a gindin tukubarsa, wai dodo ya yi faɗuwar ƙarshe, kuma wai har an sami masu dariya.

Saboda haka wannan takarda ba ta kuka ba ce kaɗai. Ni Lauwali ɗan Kubura, haifaffen Gehuru, mai rubuta wa hukuma wasiƙu a Jega, ina shaida wa duk wanda ya karanta ko aka karanta masa cewa laifin da Gehuru ta juya wa Ɗantani baya a kansa shekara goma sha biyu, ba shi ya yi ba. Ni na yi. Na san abin da wannan magana za ta jawo mini wajen waɗanda nake wa aiki, na kuma san abin da za ta jawo mini wajen mutanen garinmu. Na auna duka biyun kafin in tsoma alƙalami a tawada. Sunan mutumin nan ba zai shiga ƙasa da kashin kajin da ni na shafa masa ba.

Baba Ɗantani, bari in juyo gare ka, ko da yake na san da kana da rai da tuni ka ce in rufe baki.

Yaran da suka taso yanzu ba su san wasan kaka ba, domin an hana shi, sai in bayyana musu. A da, in an gama yankan gero da dawa an ɗaure dammuna, samarin Gehuru kan fito dandali bayan la'asar su mai da tatsuniya wasa. Dodo zai zo ya zauna a ƙofar rumbun gari ya ce babu mai ɗibar hatsi. Mata su yi kururuwar ƙarya, makaɗa su saki ganga, sai jarumi ya fito da sandar kara ya yi kirari, ya bugi dodo sau uku, a na uku dodo ya faɗi. Daga Andarai ake zuwa kallo, har daga Aliero. Kayan dodo kuwa na kaba ne da zaren rama, tun daga wuya har ƙasa, a kife kai da babbar ƙwarya mai huda biyu. Wasan yana da doka guda wadda ta fi wasan kansa tsufa: ba a buɗe fuskar wanda ke ciki, ba a kuma kiran sunansa. Kowa ya san kai ne, shekara ashirin kai ne, amma in yaro ya ce ga Baba Ɗantani nan sai uwarsa ta make masa baki.

Babu mai son wannan matsayi. Kaba tana ƙaiƙayi, ƙwarya tana da zafi, kuma samari in jini ya hau musu sukan manta cewa wasa ake yi. Na sha ganin sawun kara a bayanka kwana uku bayan an watse. Jarumi kuwa kowa yana so, kuma shekara uku a jere ni aka ba. Ina da tsawo a lokacin, ina da murya, ina da rawar kai fiye da duka biyun. 'Yan mata sukan jefo mini goro. Na ɗauka da gaske ni wani abu ne.

Kai ka fara sace mini gwiwa. Tun rasuwar mahaifina kai ka riƙe ni a fadama, ka koya mini jan jigo yadda guga zai taso cike ba tare da ya karya mini ƙugu ba, ka koya mini bin fangali ɗaya bayan ɗaya da ruwa kada wani ya sha wani ya kwana da ƙishi. Wata rana muna hutawa a gindin jigo ina ba ka labarin yadda na kayar da kai jiya, kamar ba ka wurin, sai ka dube ni ka ce, "Lauwali, kai da kaka taƙama, bugu na nawa nika hwaɗuwa?"

Na ce, "Na uku, Baba."

Ka ce, "To tun ba ka hito gida ba ka san na ukku na. Ina jaruntaka nan?"

Na ji haushi ƙwarai, na yini ban yi maka magana ba, kai kuwa ko a jikinka.

Haka kake yi wa tatsuniya ma. In an idar da magariba yara suka taru a ƙofar gidanka, kakan ba su jarumi yadda suke so: ga layu har gwiwar hannu, ga takobin da ke yanka dutse, ga doki mai fiffike, ga tsohuwar da ta gamu da shi a hanya ta faɗa masa asirin abokin gaba tun kafin ya isa. Ya je ya sare kawunan dodo duka bakwai, a ba shi rabin gari. Yara suna cikin murna sai ka gyara zama ka ce, "To, da an amshe layun ga, da dokin, da tsohuwar, shina zuwa?" Nan take wuri ya kaure da gardama, wasu su ce zai je, wasu su ce wallahi gudu zai yi. Ba ka taɓa raba musu gardamar ba. Sai ka ce kowa ya tafi gida ana kiran isha'i. Ni a lokacin ina ganin ɓata labari kawai kake yi.

Yanzu ga abin da ya faru a shekarar da aka hana wasa, daki-daki, don kada wani ya ce bai gane ba.

Shekarun Turawa ba su kai goma da zama a ƙasarmu ba. Wani Bature ya ratsa ta Gehuru da damina yana auna hanya da igiya, muka bi shi da kallo har ya fita gari. Na lura da tafiyarsa, ƙafa a miƙe kamar an ɗaura mata itace. Na lura da yadda yake fyace hanci a ƙyalle ya ninke ya mayar aljihu, abin da ya ba mu mamaki fiye da bindigarsa. Da kaka ta yi, na zo maka na ce bana ni nake son shiga kayan dodo, a ba abokina Alu jarumi. Ka yi dariya ka ce ashe hankali ya fara zuwa. Ka miƙa mini kayan a bayan rumbu babu wanda ya gani, ka ce dama dashenka sabo ne yana son ruwa, ka saɓi guganka ka yi fadama. Ban faɗa maka abin da ke raina ba.

Na shafe ƙwaryar da farar ƙasa. Na kifa wata ƙarama a samanta ta zama hular Bature. Na fito dandali da igiya a hannu ina auna ƙasa, ina auna rumbu, ina auna wata tsohuwa daga kai har ƙafa, ina magana ta hanci. Da na ciro ƙyalle na fyace na ninke na soke a ƙugu, sai da mutane suka kwanta a ƙasa don dariya. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammaci ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ban ji ba. Sannan Alu ya fito da sandar kara ya yi abin da wasa ya ce a yi. A gaban mutanen garuruwa uku aka bugi Bature sau uku ya faɗi ƙafa a sama, mata suna guɗa.

Akwai fatake a cikin 'yan kallo, kuma fatake ba su da sirri. Kwana huɗu sai ga dogarai.

Ba su sha wahalar bincike ba. Kowa ya san wanda ke sa kayan dodo a Gehuru. Waɗanda suka ga kamar dodon bana ya fi na kullum tsawo, doka ta rufe musu baki, tsoro ya ƙara ɗaure shi. Ina tsaye a cikin taro, tsakanina da kai bai fi taku goma ba, lokacin da babban dogarin ya jefa kayan a gabanka ya ce kai ne ka yi wannan aiki? Ka dubi ƙwaryar da farar ƙasarta. A nan ka fara sanin abin da na yi, domin ba ka ga wasan ba. Ba ka waiwayo inda nake ba ko sau ɗaya. Ka ce, "Kayana na. Mu tahi."

Ni kuwa, jarumin shekara uku, mai kirari, mai goron 'yan mata, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata taku goma.

Bulala talatin aka yi maka, aka ɗaure ka shekara guda kana fasa dutse. Aka hana wasan kaka. Abin da ya fi ƙona gari shi ne na ƙarshe: aka kwashe duk namijin da ke iya ɗaga gatari zuwa saran hanya har kwana ashirin, a daidai lokacin da dashen albasa ba ya jure kwana biyu babu ruwa. Mata da tsofaffi suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma jigo ba aikinsu ba ne. Muka dawo muka tarar da fadama ta bushe ƙurmus. Wannan shekara an sha wuya a Gehuru, akwai gidajen da suka sayar da awakinsu kaf, akwai waɗanda suka tashi suka koma Maiyama ba su sake dawowa ba. Ba na raina wannan hasara, kuma ban ce kada a yi fushi ba. Cewa na yi an kai fushin gidan da ba nasa ba.

Ina cikin masu saran hanyar nan. Kullum in rana ta take, wani zai jefar da gatari ya ce Allah Ya isa tsakaninmu da tsohon banzan nan da ya rasa abin wasa sai wuta. Jama'a su ce amin. Baba, har da ni a masu cewa amin, kuma da ƙarfi nake faɗa don kada a dube ni.

Ka dawo da baya a karye, kana jan ƙafar hagu. Ba a zo maka barka da dawowa ba. Aka daina kiranka gayya, aka daina kiranka suna. In ka shiga sahu, na kusa da kai ya matsa ya bar tazara. Iyaye suka hana yara zuwa ƙofarka, sai aka riƙa jin ka a hanyar fadama kana yi wa jakinka tatsuniya, har kana tsayawa ka tambaye shi ra'ayinsa. Mutane suka ce ka zautu. Amma waɗannan mutanen dai, da yake babu mai hannun rainon irin albasa kamar naka, sai su turo matansu ta bayan gida wajen matarka Inna Gudiya a karɓo musu dashe. Ba ka taɓa hana kowa ba. Matar Tamu ma ta karɓa, ba sau ɗaya ba, in ya manta ina tuna masa.

Kwana uku da dawowarka na iske ka a gindin jigo, na durƙusa, na fashe da kuka. Ka bar ni na yi mai isata. Sannan ka ce, "To, ya isa. Shekara guda nis sha rana bisa wasan da ban gani ba. Tashi ka yi min in gani." Na ɗauka gatse ne. Ka rantse ba gatse ba ne. Haka na tashi, hawaye na zuba, na miƙe ƙafa na yi maka tafiyar Bature a tsakanin fangali, na fyace a gefen rigata na ninke. Ka yi dariya har ka riƙe baya kana salati, kana cewa in bari haka nan kada in ƙarasa ka. Ka ce lallai abin ya kai a yi bulala a kansa.

A ranar na ce zan je in faɗi gaskiya. Fuskarka ta canza. Ka ce, "In ka hwaɗi, bulalar da nis sha ta tashi banza. Su ɗauke ka, a yi biyu? Uwarka wa gare ta in ba kai ba? Kuma ba a buɗe huskar mai wasa. Yi shiru." Na yi shiru, kuma kada in yaudari kowa, shirun ya yi mini daɗi. Na fake da umarninka kamar yadda ake fakewa a rumfar wani in ruwa ya sauko. Na bar gari na koma Jega, na ƙara karatu, na koyi rubutun boko, har na wayi gari ina zaune a kan tabarma ina rubuta wa mutanen da na kwaikwaya wasiƙunsu. Ni aka ɗaura wa rawani, kai aka bari da sunan tsohon ɗaurarre. Duk shekara in na zo gaishe ka nakan sake tayar da maganar, da murya ƙasa-ƙasa, ina fatan ka ƙi. Kai kuma kana ƙi.

Yau ina da amsar tambayar da kake yi wa yara. Jarumin tatsuniya bai taɓa shiga haɗari ba, domin mai ba da labari yana bayansa tun daga farko. Jarumin dandali ya san a bugu na nawa za a faɗi masa. Dukansu biyu ana kaɗa musu ganga, kuma da ganga a bayansa ko rago yana iya taku goma. Kai babu laya, babu makaɗi, babu wanda zai ba da labarinka, kuma ka san ladan da ke jiranka shi ne tsinuwar mutanen da ka ceci ɗansu. Ka dubi ƙwarya ka ce mu tafi. Bayan haka ka tashi kowace safiya ta shekara goma sha biyu da ikon wanke kanka da kalma ɗaya, ka ƙi furta ta. Na bincika duk tatsuniyoyin da na sani, naka da na wasu, ban sami wanda ya yi wannan ba. Masu takobin yanka dutse su zo su zauna a ƙasa.

Da niyyar ci gaba da shiru na zo gaisuwa, wannan ma sai na faɗa. Na shiga wajen Inna Gudiya na tsuguna daga bakin ƙofa na yi mata ta'aziyya irin wadda kowa ke yi. Matar nan shekara goma sha biyu duk zuwan da na yi ita ke dama mini fura da hannunta, ba ta taɓa canza mini fuska ba. Ta amsa, ta bari sauran mata suka fita, sannan ta ce, "Lauwali, ranar wasan nan ni nik kai mai hura hwadama. Muna zaune bakin jigo munka ji ganga ta tashi cikin gari."

Na ce, "Inna, ashe kin sani?"

Ta ce, "Tun ranar. Shi yah hana ni magana, awa yadda yah hana ka. Yanzu shi ya tahi, ya bar ɗiya da sunan. Ni macce ta, ba a jin tawa. Kai ad da alƙalami."

To, Baba, ka gafarce ni. Na bi umarninka muddin yana kare ni, yau na saɓa shi. Dokar wasa ta ce ba a buɗe fuskar wani, ba ta ce mutum ba zai buɗe tasa ba, in ma ta ce, na karya ta. Na rubuta wannan takarda kwafi huɗu. Ɗaya za a karanta a ƙofar masallacin Gehuru ranar sadakar bakwai, ni da bakina, ina tsaye. Ɗaya ta tafi Aliero wajen danginka, ɗaya Maiyama wajen waɗanda suka tashi saboda ni. Ta huɗun na ajiye ta da hannuna a inda nake aiki, a saman wasiƙun da za a duba gobe da safe. In rawani ne su karɓa, dama a kan bayanka aka naɗa shi. In bulala talatin ɗin ce, ta daɗe tana jirana.

Ku kuma mutanen Gehuru, duk wanda albasarsa ta bushe a waccan shekara, duk wanda ya sayar da akuya, ga mai laifinku. Ba zan gudu ba, ku faɗa mini abin da kuka faɗa masa, da wanda kuka faɗa a bayansa. Amma ba zan saurari kowa ba sai wanda ya fara zuwa ya tsaya a kan kabarin nan ya nemi gafara. Mutum taran da suka sallace shi sun fita, ba su da abin biya.

Ya Allah, ga bawanKa Ɗantani ya zo Maka da baya mai tabo. Ka san tabon wane ne. Ka jiƙansa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi kamar yadda ya shayar da shukar masu zaginsa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka karɓi shirunsa a matsayin ibada, Ka tashe shi cikin waɗanda ba za su ji kunya ba ranar da za a buɗe kowace fuska.

Inna Gudiya, Allah Ya ba ki haƙurin rashi, Ya saka miki furar da kika dama wa wanda bai cancanta ba. Fatimatu 'yar Baba, ke da ƙannenki, Allah Ya rufa muku asiri, Ya albarkaci bayansa. Yusufu, kai ne babba yanzu. Ban roƙe ku ku yafe mini ba tukuna, ban kai nan ba. Abu ɗaya nake roƙo: ranar bakwai, in na miƙe zan karanta, ka tsaya kusa da ni. In ka ga ƙafafuna za su sake yi mini abin da suka yi a gaban dogarai, ka riƙe ni da ƙarfi har in kai ƙarshen takarda.

Lauwali ɗan Kubura, Jega.